Kaurin Sassaƙe: Mahaɗar Wuƙa, Sawunta da Lafiyar Injin CNC

Tsakure

A makarantunmu na fasaha, zaɓen wuƙar yanka, tsara sawun da za ta bi, da kula da injin CNC darussa ne uku da ake koyarwa daban-daban. Wannan takarda tana kafa hujja cewa ma'auni guda ne ya ɗaure su: kaurin sassaƙen da kowane haƙori ke ɗebowa a zagaye ɗaya. An bi lissafin da misalan da mai aiki zai iya maimaitawa da kansa, sannan an auna shawarwarin kundayen kamfanoni da zafi, ƙura da halin wutar lantarki na arewacin Najeriya.

Gabatarwa



Zan fara da daidaita kalmomi, don kada mu saɓa a hanya. Abin da ke yankan ƙarfe zan kira shi wuƙa, kowane baki mai kaifi a jikinta kuma haƙori. Sandar da ke riƙe wuƙar tana juya ta zan ara mata sunan mazari daga wajen masu kaɗi. Saurin da wuƙa ke kutsawa cikin ƙarfe shi ne turi, abin da take zubarwa kuma sassaƙe, kamar yadda masassaƙi ke kiran abin da gizagonsa ya fitar.

Injin da lambobi ke tuƙawa ya samo asali daga aikin John Parsons a jihar Michigan ta Amurka a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da yake lissafa siffar fukafukan jirgi mai saukar ungulu da katuna masu huji. A 1952 jami'ar MIT ta nuna injin farko da ke karanta umarni daga tef. Kwamfuta ta shigo daga baya, amma abin da ke faruwa a bakin haƙori bai canza ba tun zamanin Frederick Taylor, wanda ya kwashe shekara 26 yana yanka ƙarfe yana rubuta sakamako kafin ya gabatar da bincikensa a 1906. Kwamfuta tana biyayya ne kawai. In ka ba ta lamba marar kyau, za ta maimaita ta sau dubu ba tare da ta saurari kukan ƙarfen ba, alhali mai injin hannu na Panteka a Kaduna da ya ji sauti ya sauya zai sassauta nan take.

Gudu da turi

Lissafi biyu ne tushe. Zagayen mazari a minti shi ne gudun yanka, a mita cikin minti, a ninka da 1000, a raba da faɗin wuƙa da aka ninka da 3.14. Wuƙa mai faɗin milimita 10 a gudun mita 100 tana bukatar zagaye kusan 3,180. Turi kuwa shi ne rabon haƙori ɗaya a ninka da yawan haƙora a ninka da zagaye. Haƙora 4, kowanne yana ɗibar milimita 0.05, sun ba mu turin milimita 636 a minti.

Ƙa'idar Taylor ta ce in aka ninka gudu da rayuwar wuƙa da aka ɗaga zuwa wani ƙaramin adadi, amsar ba ta canzawa. Adadin nan yana wajen 0.125 ga ƙarfen HSS, yana wajen 0.25 ga kabayid. Kabayid ɗin da nake nufi ba na masu walda ba ne. Garin haɗin tongstin da kabon ne da aka ɗaure da kobalt, wanda kamfanin Krupp na Jamus ya fara sayarwa da sunan Widia a shekarun 1920. Ma'anar ƙa'idar a bakin aiki ita ce: ƙara gudu da kashi 20 cikin 100 yana rage rayuwar wuƙar kabayid zuwa kusan rabi, ta HSS kuma zuwa ƙasa da rubu'i. Gudu ne ke haifar da zafi, zafi kuma ke cin haƙori.

Turi ba ya ci da wannan tsananin, kuma a nan ne na fi ganin ana kuskure. Mai aiki yakan ji tausayin wuƙa mai tsada, sai ya rage turi ya bar gudu yadda yake. Haƙorin kabayid ba shi da kaifin aska. Bakinsa yana da ɗan dakushi da aka bari da gangan don kada ya ɓantare. In rabon haƙori ya yi ƙasa da wannan dakushin, wuƙar ta daina yanka, ta koma goga. Zafin da ya kamata ya tafi da sassaƙe sai ya zauna a jikin haƙori. A ƙarfen da ba ya tsatsa, musamman samfurin 304, abin ya fi muni, domin gogar tana taurara fatar ƙarfen, haƙori na gaba ya zo ya tarar da abin da ya fi na farko tauri. Wanda ya ji wuƙa tana kuka, gudu ya kamata ya fara ragewa, ya bar haƙori ya ci rabonsa.

Sassaƙen da kansa shaida ne. A baƙin ƙarfe, in ya fito da launin ƙasa-ƙasa ko shuɗi-shuɗi alhali kayan aikin bai yi zafi a hannu ba, zafin ya tafi inda ya dace. In ya koma gari, ana goga ne. In ya yi tsawo yana naɗe wuƙa kamar igiya, turi ya yi kaɗan ko siffar haƙorin ba ta dace da aikin ba.

Zaɓen wuƙa da riƙonta

Kwalin haƙoran sauyi yana ɗauke da harafi da launi bisa ƙa'idar ISO 513: P shuɗi na baƙin ƙarfe, M rawaya na wanda ba ya tsatsa, K ja na ƙarfen zubi, N kore na alminiyam da danginsa. Ana sayen haƙora a kasuwa ba kwali, a leda, a sa na ƙarfen zubi a kan 304, sannan a ce kaya ne marasa kyau. Lambar da ke jikin haƙorin ma magana ce. A CNMG 120408, lambobi biyu na ƙarshe suna nufin lanƙwasar hanci milimita 0.8, kuma daga nan ake hasashen santsin fuska a injin ferewa: a ninka turin zagaye ɗaya da kansa, a raba da 32 da aka ninka da lanƙwasar. Turin 0.2 ya ba da maikiron 1.6. A ninka turin biyu, kaushin ya ninku huɗu.

Alminiyam yana son haƙora 2 ko 3 masu faffaɗan kwari da santsi, don sassaƙensa yana da yawa kuma yana liƙewa. Rufin nan mai duhu na TiAlN, wanda ke jure zafi a baƙin ƙarfe, bai dace da shi ba, saboda akwai alminiyam a cikin rufin, ƙarfen sai ya manne wa haƙori.

Abin da nake so mu daɗe a kansa shi ne riƙo. Wuƙa sanda ce da aka kama ta gefe ɗaya, lanƙwasarta kuma tana ƙaruwa da tsawon da ya leƙo waje ninki uku a kan kansa. A ƙara leƙowar daga milimita 30 zuwa 40, lanƙwasa ta haura ninki biyu. A ninka tsawon, ta ninku takwas. A rage kauri zuwa rabi, ta ninku goma sha shida. Yawancin karkarwar da ke barin zane-zane a jikin aiki ana maganinta ne da tura wuƙa ciki da milimita 10, kafin a taɓa kowace lamba a kwamfuta.

Sai karkatar juyi, wato wuƙa ta riƙa kewaye ba a kan cibiyarta ba. Na taɓa karya wuƙaƙe uku masu faɗin milimita 6 a rana ɗaya a wani wurin aiki, a kan alminiyam da bai kamata ya ba kowa wahala ba. Mun zargi mai sayarwa, mun rage turi, ta huɗun ma ta fara kuka. Da na kwance matsewar da ke riƙe wuƙar na ɗaga ta ga hasken taga, sai ga ɗan sassaƙe bai kai ƙwayar gero ba, ya maƙale a ɗaya daga tsagoginta. Agogon awo ya nuna karkatar milimita 0.03. Rabon haƙori 0.03 muka rubuta, saboda haka haƙori ɗaya yana ɗibar 0.06, ɗan'uwansa bai taɓa ƙarfen ba. Mun wanke matsewar, mun goge mazauninta, karkatar ta sauko ƙasa da 0.01, wuƙar ta gama aikin makon. Ban sake ɗaura ƙaramar wuƙa ba tare da na ɗora mata agogo ba.

Ƙa'idar ISO 3685 ta sa iyakar cinyewar gefen haƙori a milimita 0.3. Ƙaramin madubin ƙara girma ya isa a gan ta. Haƙorin da aka sauya a wannan iyaka kuɗinsa kaɗai aka yi asara. Wanda aka bari ya fashe yakan tafi da mazauninsa da kayan aikin.

Sawun wuƙa

Lambar turi da ke cikin shirin aiki ba ita ce kaurin sassaƙe ba. Su biyun suna daidaita ne kawai idan wuƙa ta nutsa rabin faɗinta ko fiye a gefe. In ta kama kashi 10 cikin 100 na faɗinta, sassaƙen da ke fita kashi 60 ne kacal na abin da aka rubuta. Don a dawo da 0.05 na gaskiya, sai a rubuta 0.083, turin misalinmu ya tashi daga 636 zuwa wajen 1,060. Wanda bai san wannan ba zai yi yankan gamawa da siririn kamu da turi kaɗan, ya faɗa cikin gogar da muka ambata yana zaton yana lallaɓa wuƙa.

A kan wannan lissafi aka gina sawun zamani da manhajojin CAM ke fitarwa: kamu siriri a gefe, nutso mai zurfi a tsaye. Wuƙar da ke tsaga kwari da dukkan faɗinta tana cikin ƙarfe digiri 180 na kowane zagaye. Mai kamun kashi 10 tana ciki digiri 37 kawai, sauran zagayen haƙori yana shan iska. Cinyewa kuma tana bazuwa a tsawon milimita 20 na haƙori maimakon ta taru a milimita 3 na ƙasa. Mun biya kuɗin dukkan tsawon wuƙar, bai kamata mu jefar da ita don bakinta kaɗai ya mutu ba.

Sai dai a faɗi gaskiya: wannan sawu yana zuwa da dubban gajerun layuka, kuma tsoffin injinan da ake sayowa daga Turai ba duka ke da wurin ajiye su ko saurin karanta su ba. In injin yana tsayawa yana tafiya a kan lanƙwasa, turin da aka rubuta bai samu ba. A irin wannan hali a faɗaɗa lanƙwasar sawun, a sa manhaja ta fitar da G02 da G03 maimakon ƙananan G01, ko a koma sawu mai sauƙi da injin zai iya bi da zuciya ɗaya.

Lungu shi ne makashin wuƙa. In zane ya nemi lungu mai lanƙwasar milimita 5 aka shiga da wuƙa mai faɗin 10, cibiyarta za ta tsaya cak ta juya, kamun ya yi tsalle daga digiri 37 zuwa wajen 127 a ƙiftawar ido. Wannan ne ƙarar da ake ji a kowace kusurwa. Wuƙa mai faɗin 8 za ta zagaya lungun tana tafiya. Haka abin yake a faɗaɗa rami: wuƙa mai faɗin 10 a ramin 12, cibiyarta tana zana da'ira mai faɗin 2, bakinta yana zana mai faɗin 12. Injin yana lissafin turi a cibiya, saboda haka haƙori yana ɗibar ninki shida, sai an raba turin da shida.

Shiga ƙarfe a yi shi da gangara ko murɗe na digiri 2 zuwa 3, ba a soka wuƙa tsaye ba. Yankan da haƙori ke farawa da kauri ya ƙare da siriri shi ya fi dacewa da CNC, domin ba ya goga a mashiga, amma yana jan teburi, don haka yana bukatar sukurun tuƙi marar lako-lako. A gwajin farko na kowane sabon shiri, a tafi layi-layi, a rage saurin G00, ido yana kan tazarar da ta rage a allo. A tabbatar G21 ne ba G20 ba, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne, a kuma duba G54 da tsawon wuƙa na G43 kafin a saki hannu.

Injin a ƙasar zafi da ƙura

Duk lissafin da ya gabata yana ɗauka cewa injin yana zuwa inda aka aike shi. Ma'aunan masana'antu na duniya an kafa su a digiri 20, bisa ISO 1. Rumfar kwano a Sharada ko Bompai da ke Kano a watan Afrilu tana kaiwa ninkin haka. Baƙin ƙarfe yana miƙewa kusan maikiron 11.5 a kowace mita a kowane digiri, alminiyam 23. Mu ɗauki rami mai faɗin milimita 50 a matakin H7, wanda dukkan sararin kuskurensa maikiron 25 ne. In alminiyam ne aka auna a digiri 40 da ma'aunin baƙin ƙarfe, bambancin miƙewarsu ya kai maikiron 11.5, kusan rabin sararin ya tafi kafin wuƙa ta yi laifi. In baƙin ƙarfe ne a kan baƙin ƙarfe, suna miƙewa tare, muddin an bar su suka huce wuri ɗaya. A hunturu matsalar ta juya: asubar Kano tana sauka ƙasa da digiri 15, azahar ta kusa 30, aikin safe da na rana su saɓa. Minti 15 na ɗumama mazari da zagaya teburi kafin yankan farko yana rage wannan, haka ma kare injin daga rana mai shigowa ta ƙofa.

Ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, laushinta ya sa tana shiga ko'ina. In ta haɗu da man hanyoyin teburi ta zama dutsen washi mai ruwa, tana cin hanya da sukuru a hankali, har lako-lako ya bayyana. Hura iska mai ƙarfi don share injin yana cusa ta ƙarƙashin murfi ne. Burushi da tsumma sun fi. Akwatin lantarki kuma, na sha ganin an buɗe ƙofarsa an kafa masa fanka don zafi. Ana samun sauƙin rana ɗaya, ƙura mai maiƙo ta kwanta a kan allunan. A wanke matatar iskarsa duk mako daga Nuwamba zuwa Maris, a gyara na'urar sanyayarsa, ƙofar ta zauna a rufe.

Mazaunin wuƙa a cikin mazari, irin BT40, tsukakke ne da gangaren 7 cikin 24, kuma tarin faifan sifirin ne ke jan wuƙar sama. Faifan suna gajiya. In aka ga tabo mai launin tsatsa a jikin mariƙi, ko karkarwa ta bayyana a aikin da a da ba ya yi, a auna ƙarfin jan. Ruwan da ke taruwa a tankin kwampreso, musamman da damina, yana bin iska ya shiga wannan mazauni. A zubar da shi kullum.

Ruwan sanyaya ana haɗa shi tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ana zuba mai a cikin ruwa, ba ruwa a cikin mai ba. Zafinmu yana ƙafar da ruwan ya bar man, don haka ƙarin da za a yi ya zama mai tsarari, kuma a auna da ma'aunin haske maimakon ido. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da safiyar Litinin ƙwayoyin cuta ne da suka hayayyafa a ƙarƙashin man da ya rufe saman tanki. A kwashe man, a motsa ruwan. Wannan ya shafi fatar hannun yaranmu da huhunsu, ba wuƙa kaɗai ba. A sassaƙar baƙin ƙarfe da kabayid, ruwan da ke zuwa yana yankewa ya fi rashinsa illa, domin zafi da sanyi a jere suna tsattsaga haƙori. Ko a kwarara shi sosai, ko a yi amfani da iska.

Wutarmu mai zagaye 50 ce, layi uku a kusan bolt 400. Injinan Japan da yawa bolt 200 suke so, na Amurka kuma an gina su don zagaye 60, saboda haka a karanta farantin injin kafin a sayi taransifoma. Ɗaukewar wuta a tsakiyar yanka tana karya wuƙa, amma dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona allo, don haka a kashe babban makunni da zarar an ɗauke, kuma kada a kunna injin sai janareta ya daidaita. Akwai ƙaramin batir da ke riƙe wa injin tunanin inda kowane teburi yake da saitinsa. A na'urorin Fanuc ana sauya shi ne injin yana kunne. Wanda ya cire shi a kashe zai iya wayar gari injin ya manta gidansa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a kwafe saitin injin tun yana lafiya, a ajiye a wuri biyu.

Abin da nake roƙon wannan taro

Kundin kamfani mafari ne. An rubuta shi a kan ƙarfen da aka san samfurinsa, a injin da ke ɗaki mai sanyi. Mu kuwa sau da yawa guntun shaf ne daga kasuwar tsoffin ƙarafa, ba takarda, ba lamba. A irin wannan a fara da gwajin magagari don jin tauri, a soma da kashi 70 cikin 100 na gudun kundi, a riƙe rabon haƙori yadda yake, a hau a hankali ana duban sassaƙe.

Abin da aka gano a wannan hawan shi ne ke ɓacewa, domin yana kan mai aiki, ranar da ya bar wurin ya tafi da shi. Ina roƙon kwalejojin fasaha da wuraren aiki da ke da wakilai a nan su ajiye littafi a jikin kowane injin, a rubuta irin ƙarfe, wuƙa da leƙowarta, gudu, rabon haƙori, zafin rumfa a wannan sa'a, da mintocin da haƙori ya yi kafin ya kai 0.3. Kayan da ake bukata agogon awo ne, da ma'aunin zafi na bango, da madubin ƙara girma. In wurare goma suka yi haka daga hunturun bana zuwa ƙarshen damina, za mu iya zama a taro na gaba mu fitar da adadin Taylor na ƙarafan da muke yankawa a rumfunanmu.